Huda Uku a Katin Gandu

Ranar Litinin da hantsi Sufeto Wali yana cin ƙosai a bayan teburinsa, a caji ofis ɗin Wudil, sai Sajan Ya'u ya shigo ya ƙame.

"Yallaɓai, an fasa ofishin noman rani. Kuma mutanen Achika sun kusa kashe akawunsu."

"Wanne aka fara?"

"Satar, yallaɓai. Dukan ne ya biyo baya."

Sufeto ya naɗe sauran ƙosan a takarda, ya ɗauki hularsa.

Shekarar 1976 ce, kuɗin mai ya shigo ƙasa, kowane ofis yana son a ce aikinsa na zamani ne. An karɓi fadamar Achika daga hannun manoma, an baje ta, an ja mata hanyoyin ruwa, da alkawarin kowa za a mayar masa da fulotinsa. Malam Gwadabe, akawun shirin, ɗan garin ne, shi ya bi gida-gida ya rubuta sunaye. Daga littafinsa aka huda sunayen a kan katuna, aka kai wa kwamfuta a Kano. Makon jiya takardun mallaka suka iso. Gida talatin da bakwai babu sunansu, fulotansu kuma an ba wa baƙi daga birni, wai ba su da masu su.

A ƙofar ofishin wani saurayi mai laktaye da wando buje ya tare su.

"Ni ne Ƙasimu, jami'in kwamfuta na shirin nan. Yallaɓai, ina Baffana? An ce yana hannunku."

"Gwadabe baffanka ne?"

"Ƙanin mahaifina ne. Shi ya riƙe ni tun ina shekara shida, shi ya sa ni a makaranta." Ya matso kusa da Sufeto. "Don Allah kar a taɓa shi."

"Ajiye shi muka yi don kar a ƙarasa shi. Nuna mini inda aka fasa."

Ɗan ƙaramin sito ne. An ɓalle kwaɗon. A ciki akwai sabuwar tafireta, da fanka biyu a kwalinsu, da keken masinja. Ba a taɓa ko ɗaya ba. A kan kanta kwalaye ne dogaye a jere, da giɓi a tsakiyarsu.

"Me aka ɗauka?"

"Kwali biyu na katunan Achika. Gobe Talata aka ce a kai su Kano a bincika, saboda ƙorafin manoman."

Sajan Ya'u ya shafa fankar. "Wannan ɓarawo ko dai waliyyi ne ko mahaukaci. Ya bar fanka ya ɗauki takarda."

"Littafin da Gwadabe ya rubuta da hannu fa?"

"Ya ɓata a Kano tun tuni. Ka san ofisoshinmu."

"Kai da ka san injin, yaya suna yake ɓacewa a cikinsa?"

Ƙasimu ya sunkuyar da kai. "Yallaɓai, inji ba ya kuskure. Abin da aka ba shi, shi yake fitarwa. In suna bai fito ba, to ba a shigar da shi ba."

"Yaushe ka san sunayen ba su fito ba?"

"Makon jiya, tare da kowa."

Sufeto ya rubuta wannan a ɗan littafinsa.

A caji ofis ya tarar da manoma cike da harabar. Ya zaɓi mafi tsufa a cikinsu, Ɗantani, ya shigar da shi ofis, ya sa aka kawo masa ruwa. Suka gaisa har gaisuwa ta ƙare, aka tambayi gida, aka tambayi damina.

"Baba, faɗa mini gidajen da ba su fito ba. Kada ka yi sauri."

Sufeto Wali ba ya katse mai magana. Abokan aikinsa kan ce zama da shi kamar zama da tulu ne, kana zubawa yana karɓa. Ɗantani ya fara lissafi: gidansa, su bakwai ne suke noma tare tun rasuwar mahaifinsu. Gidan Sarkin Noma, 'yan'uwa biyar. Gidan Auta, shi da ƙannensa da 'ya'yan wansa. Haka ya yi ta yi har ya kai ƙarshe.

"Na ji kowane gida ka ce su kaza ne. Babu mai gonar kansa shi kaɗai a ciki?"

Tsohon ya ƙirga da yatsu. "Kai, wallahi babu. Duk gandu ne. Masu gayauna duk sun fito."

Gandu shi ne gonar gida, wadda ba a raba ba, babba yana riƙe da ita a madadin kowa. Gayauna kuwa ta mutum ɗaya ce.

"Gwadabe yana da gandu?"

"Yana da shi. Shi ma bai fito ba." Ɗantani ya taɓe baki. "Wayo ne, ɗana. Don kar a zarge shi. Mu da muka ba shi amana, muka dangwala masa yatsa ba mu karanta ba."

Washegari da safe aka tsinci wasiƙa a kan kantar caji ofis, ba suna. Layi ɗaya ne: a duba ɗakin soro na gidan Gwadabe.

Suka je Achika. A ɗakin, ƙarƙashin wani tsohon gadon ƙarfe, ga kwalayen biyu an lulluɓe da buhu. Matan gida suka sa salati.

"Shi ke nan, yallaɓai," in ji Ya'u a mota. "Kaya a ɗakin mutum. Sai kotu."

Sufeto ya zaro kati ɗaya yana juya shi. Dogo ne, ruwan ƙasa-ƙasa, cike da ƙananan huda. Babu harafi ko ɗaya a jikinsa.

"Sajan, sunan wa ke nan?"

"Ni dai na ga gara ta ci takarda, yallaɓai."

Da suka koma Sufeto ya sa aka fito da Gwadabe. Dattijo ne siriri, idonsa ɗaya a kumbure, rigarsa a yage a kafaɗa. Sufeto ya tura masa kujera, ya miƙa masa katin.

"Malam, karanta mini."

Gwadabe ya riƙe shi a juye, ya mayar. "Ranka ya daɗe, ni a yaƙi da jahilci na yi karatu, ina da gemu. Biro na sani. Wannan sai su Ƙasimu."

"Ka rubuta gidajen nan talatin da bakwai?"

"Da hannuna. Kowane gandu na yi masa tauraro a gefe, don a san mutum ɗaya ne a takarda amma bakuna da yawa ne a bayansa."

"Mun sami kwalayen a ɗakin soron gidanka."

Dattijon ya ɗago kai a hankali. Ya daɗe yana kallon Sufeto.

"A ɗakin soro?"

"Wa yake kwana a ciki?"

"Ba kowa."

"Wa yake da makulli?"

"Ni kaɗai."

"To kai ka ajiye su?"

Gwadabe ya mayar da idonsa ƙasa. "Ka rubuta abin da ka ga dama, ranka ya daɗe."

Sufeto ya yi shekara ashirin yana sauraron masu ƙarya. Ya san muryar wanda yake kare kansa. Wannan ba ita ba ce.

Mai huda katunan wata budurwa ce, Lubabatu. Tun ranar Litinin ba ta zo aiki ba, an ce zazzaɓi. Suka same ta a gidansu a cikin gari, a tsakar gida, tana taya mahaifiyarta harhaɗa zaren ɗinkin riga. Ba ta yi kama da mai zazzaɓi ba.

"Malama Lubabatu, me ya sa katunan Achika ba rubutu a samansu?"

"Ƙyallen tawadar injin ne ya ƙare, yallaɓai. Sabon yana jirgin ruwa a Legas, wata takwas ba a sauke ba. Hudar tana fita, rubutun ne babu."

"To wa zai iya karanta su haka?"

"Ni. Da Malam Ƙasimu."

"Tauraron da Gwadabe yake yi wa gandu, yaya kika shigar da shi?"

"Ban ga wani tauraro ba."

Sufeto bai sake tambaya ba. Ya zauna a kan turmi, ya cire hula, ya ɗora a gwiwa. Mahaifiyar ta dubi 'yarta, ta dubi baƙon. Suna nan a haka har kaza ta zo ta wuce ta tsakaninsu.

"Ke, Luba," in ji uwar. "Mutumin nan fa ba tashi zai yi ba. Kuma ni ban dafa da shi ba."

Lubabatu ta fashe da kuka. "Ni na jawo, yallaɓai. Tauraron injin an riga an ba shi wani aiki, shi ne alamar gonar da ake rigima a kanta. Sai na nemi maɓallin da ba mai amfani da shi. Akwai wani na alamar kwabon Amurka, tun da aka kawo injin ba a taɓa shi ba. Shi na riƙa bugawa a gaban sunan kowane gandu. Da na ji gandu ne kaɗai suka ɓace, na san alamata ce."

"Kin gaya wa wani kin yi haka?"

"Malam Ƙasimu. Tun ranar farko. Ya ce dabara ce mai kyau."

"Yaya alamar take a kati?"

Ta share hawaye, ta ɗauki wani kati da aka naɗe zare shuɗi a jikinsa. Katunan da suka lalace takan kawo wa uwarta. Ta warware zaren, ta nuna masa gefen hagu.

"Ga ta. Huda uku a layi ɗaya: ɗaya can sama, ɗaya a nan, ɗaya can ƙasa."

Sufeto ya sa Ya'u ya shigo da kwalayen daga mota. Ta riƙa ɗibar katunan dami-dami, tana daidaita bakinsu, tana barbaza su da babban yatsa tana duban gefen hagu. Ta gama kwali ɗaya, ta gama na biyu.

"Babu ko ɗaya. An tsince su duka."

"Cikin kati nawa?"

"Sun kusa dubu huɗu."

Ya'u ya yi fito. "Kuma wai tsohon da ya riƙe katin a juye."

"Sajan," in ji Sufeto, "gobe Kano."

Ɗakin kwamfutar yana hawa na biyu a wani dogon gini. Sai da suka cire takalma. Sanyi ya sa Ya'u ya rungume hannuwansa. Injin ya cika ɗaki, akwatuna tsaye kamar kabad, faya-fayen tef suna juyawa suna tsayawa. Mai kula da shi wani gajere ne mai suwaita, Isyaku.

Sufeto ya ba shi katin Lubabatu. "Me wannan alama za ta yi wa suna?"

Isyaku ya ɗaga katin sama, ya yi dariya. "Wa ya buga wannan? Ai ita ce mai ba mu wahala. Yallaɓai, inji bai san harafi ba, lamba ya sani. Kowane harafi da lambarsa. Namu na nan shi yake karanta katuna ya zuba a tef. Amma injin da yake buga takardun mallaka a Legas na wani kamfani ne daban, lambobinsa daban. Abin da namu yake kira A, shi wani abu yake gani."

"To yaya suke fahimtar juna?"

"Sai an yi musu tafinta. Jadawali ake rubutawa: wannan lamba tamu, ga takwararta a can. Harafi da harafi. To wannan alamar ba ta da takwara a injin Legas, ba a san ta ba sam. In jadawalin bai faɗi abin da za a yi da ita ba, da an zo kanta sai a tofar da layin gaba ɗaya. Suna, gari, lambar fuloti, duka."

"Ashe inji yana kuskure."

"Ba ya ɓoyewa dai. Duk abin da ya tofar sai ya buga shi a takarda daban, ya ce ga waɗanda na kasa haɗiyewa."

"Gyaran yana da wuya?"

"Layi ɗaya ne a jadawalin. Kafin shayinka ya huce."

"Wa ya rubuta jadawalin Achika?"

"Mai aikin. Ƙasimu."

"Takardar tofarwar fa?"

"Mai aiki yake tafiya da ita." Isyaku ya ja wata durowa. "Amma takardarmu mai kabon ce, biyu take fita. Ta ƙasan nan take zama. Yawancinsu ba sa tunawa."

Ya yi ta bincike har ya zaro wata doguwar takarda mai ratsin kore. Layi talatin da bakwai. Na farko Ɗantani. Na goma sha ɗaya Gwadabe. A ƙasa an rubuta huɗu ga Maris, gwaji na farko, ga sa hannun wanda ya karɓa.

"An sake juya katunan a injin bayan nan?"

Isyaku ya duba rajista. "A Afrilu. Da jadawalin nan dai, bai canza komai ba. Na ma tambaye shi, ya ce masu sunayen matattu ne."

Ranar Alhamis bayan la'asar Sufeto ya aika a kira Ƙasimu, wai ya zo ya yi belin baffansa. Ya zo da kwanon abinci a hannu. Ya tarar da Gwadabe a zaune a gefen tebur, ya durƙusa.

"Baffa, sannu. Ga tuwo Inna ta bayar."

Gwadabe ya kawar da kai.

"Zauna, Malam Ƙasimu," in ji Sufeto. "Ranar Litinin ka ce mini makon jiya ka san sunayen ba su fito ba."

"Haka ne."

"Ka ce inji ba ya kuskure."

"Ba ya yi."

"Ɗakin soron gidan baffanka, wa ya girma a ciki?"

"Ni. Amma na bar shi tun da na fara aiki."

"Makullin fa?"

"Na daɗe da mayarwa. Ko ba haka ba, Baffa?"

Dattijon yana kallon bango.

Sufeto ya buɗe fayil, ya shimfiɗa takardar mai ratsin kore, ya juya ta ta fuskanci saurayin. Ya ɗora yatsa a kan kwanan watan, sannan ya gangara da shi kan sa hannun. 

Ƙasimu ya karanta. Ya sake karantawa. Ya sassauta laktayensa.

"Wannan... gwaji ne kawai. Na yi niyyar gyarawa."

"A Afrilu ka ce matattu ne."

"Lubabatu ce ta buga alamar da—"

"Ta buga, ta gaya maka, ka yaba mata. Mutum biyu ne a Wudil za su iya tsince kati talatin da bakwai cikin dubu huɗu ba rubutu. Ɗaya ba ta taɓa taka Achika ba. Ina katunan?"

Fanka tana juyawa a sama. Ya'u ya matso bakin ƙofa.

"Na zuba su a kogi," in ji Ƙasimu da ƙyar. "Daga kan gada."

"Littafin baffanka?"

"Shi ma."

"Faɗi daga farko. Sajan, rubuta."

"Wallahi ban shirya ba. Kuskure ne ya zo da kansa. Da na ga takardar a Maris, na ɗauki biro zan gyara. A ranar wani babba a hedikwata ya kira ni, yana nema wa mutanensa fuloti na bakin ruwa, an ce masa babu. Ya ce akwai kwas na shekara biyu a Ingila, mutum ɗaya za a tura. Ni ban goge sunan kowa ba, yallaɓai. Ban taɓa komai ba. Bari kawai na yi."

"Har da gandun gidanku."

"In na tsame namu kaɗai, za a gane."

"Sunan babban?"

Ya faɗa. Ya'u ya rubuta, ya ja layi a ƙarƙashi.

"Kwalayen kuma? Me ya kai su gidan mutumin da ya riƙe ka?"

Ƙasimu ya rufe fuska da hannu. "Mutane sun riga sun ce shi ne. Na ga tsoho ne, ba za a ɗaure shi da yawa ba. Na ce in na dawo zan gina masa gida."

Sai a lokacin Gwadabe ya juyo. Muryarsa ba ta tashi ba.

"Tun ranar Talata na sani. Da aka ce ɗakin soro na sani, don ni da hannuna na ba ka makullin, ban kuma taɓa karɓa ba."

"Baffa..."

"Na yi wa hukuma ƙarya saboda kai, ban taɓa yi ba. Kwana biyu ina kwance a bayan kanta, duk takun da na ji sai in ce ga shi nan, ya zo ya faɗa da bakinsa. Da ka zo ka ce, Baffa, na yi ɓarna, ɗaukar mini, wallahi da na ɗauka. Da na je gidan yari ina murna." Ya dubi kwanon da ke ƙasa. "Sai ka zo mini da tuwo."

Ƙasimu ya zube a gabansa yana kama ƙafarsa. Dattijon ya janye ƙafar a hankali, kamar mai gudun taka wani abu.

Sufeto ya yi wa Ya'u alama. Sajan ya ɗaga saurayin, ya sa masa ankwa, ya fita da shi ta cikin harabar. Manoman Achika, da suke zaune a gindin bishiya tun safe, suka miƙe suna kallo. 

Sufeto ya fito da takardar a hannu, Gwadabe yana biye da shi. Ya tsaya a kan matakala ya karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, kowanne da lambar fulotinsa, ya ce da wannan takarda za a soke na baƙin, a mayar wa kowa nasa.

Ɗantani ya taho yana dogara sanda, ya tsaya a gaban Gwadabe, ya dubi idon da ya kumbura.

"Malam, ni na fara ɗaga hannu. Ka yafe mana."

"Na yafe."

"To mu tafi gida. Ga kurar shanu mun zo da ita, ka hau."

Gwadabe ya dubi ƙofar da aka shige da Ƙasimu.

"Ku yi gaba," ya ce. "Uwarsa da ta aiko da tuwon tana jira in koma da shi. Bari in zauna tukuna, in san abin da zan gaya mata."